Wayar da Ke Cizo

Mai Haɗi ba ya so a ce masa mai gyara. Ka kuskura ka ce masa mai gyaran kwamfuta, sai ya ajiye sukudireba ya dube ka kamar ka taka masa ciwo. Shi haɗawa yake yi. Mutum ya zo ya faɗi irin aikin da zai yi, shi kuma ya zaɓo masa kayan ciki ɗaya bayan ɗaya, ya dasa su a akwati, ya jera wayoyi ya ɗaɗɗaure su tsaf kamar kitso. Kuma a yi masa adalci, ya iya. Hannunsa ne dai ya fi kansa hankali.

Shagon nasa a ƙarƙashin matakalar bene yake. Rufin ya karkato ta baya, shi ya sa kullum akwai ƙulu a ƙeyarsa, wani bai gama sacewa ba wani ya fito. A damansa Tela ne, a hagunsa mai sayar da ruwan sanyi da firizansa biyu masu gurnani. Benen kuwa gaba ɗayansa na wan matarsa ne, mai zanen gidaje, wanda kowa ke kira Yaya, har waɗanda suka girme shi. Shekara shida Mai Haɗi yana zaune a ɗakin nan albarkacin matarsa, shekara shida Yaya bai taɓa ba shi ko linzamin kwamfuta ya duba ba. Idan ya zo wucewa sai ya leƙo da kai, bai shigo da ƙafa ba.

"Mai Rediyo, ana nan ana ta tone-tone?"

"Ana nan, Yaya."

Matar ce ta yi ta sintiri gidan wanta har ya gaji. Ran nan sai ga mota ta tsaya, direba ya shiga sauke kwalaye. Kaya ne Yaya ya sa aka aiko masa daga waje, mako shida suna hanya. Yana so a haɗa masa kwamfutar da za ta ɗauki zanen asibiti sukutum, ta juya shi ta kowane gefe ba ta yi tari ba. Ranar Juma'a zai nuna wa masu aikin.

"Alhamis da yamma zan zo in ɗauka," in ji Yaya daga bakin ƙofa. "Tana aiki, da manhajar zanen a ciki, ba labari ba. Idan ka iya, ofishina kaf kai za ka haɗa mana. Idan ba ka iya ba, ka ba ni makullina. Na gaji da ajiye mutum a ƙarƙashin matakala kamar tsintsiya."

"Haba Yaya, ai an gama."

"Haka kuka ce ranar da na ba ku ita," ya ce, yana nufin ƙanwarsa. Ya shige mota.

Kwana biyu Mai Haɗi ya yi yana haɗa ta. Ya wanke hannu, ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya hana Tela shigowa saboda zare. Katin hoton da zai juya zanen, shi kaɗai sai da hannu biyu ake ɗaukarsa. Da ya danna maɓalli fankoki shida suka tashi tare, shiru, ko sauro ya fi su ƙara. Ya tsaya yana kallonta ta gilashin gefe, har matarsa da ta kawo masa abinci ta ce ita bai taɓa yi mata irin wannan kallon ba.

Saura abu ɗaya: a ɗura mata manhajar zanen daga intanet, abu ne mai nauyin tsiya, kuma sai ta gaisa da masu ita kafin ta yarda ta buɗe. A safiyar da zai fara, wata babbar mota ta bi layin da lodi ya fi ƙarfinta, ta ja wayoyin sama, turke ya sunkuya kamar mai gaisuwa. Ɗan akwatin intanet da ke manne a bangon shagon ya yi ɗas, ya saki wari, fitilunsa suka mutu.

Mai Haɗi ya zare wayar da ta sauko daga turke ta shiga akwatin. Yana taɓa bakinta ta cije shi har gwiwar hannu. Ya ɗauko testar gwada wuta ya ɗora, ta kama ja jawur. Ya fita ya ɗaga kai, ga ta nan: wayar intanet ta kwanta a kan wayar wuta, fata ta saɓule. Yaro ma ya gani ya san abin da ya faru.

Sai ya kira kamfani. Shagon nan kuwa wayar hannu ba ta jin magana a cikinsa, sai ka fito bakin ƙofa ka tsaya daidai kwatar Tela. Ya danna ɗaya, ya danna uku, ya danna ɗaya kuma, aka sa masa kiɗa. Ya sha kiɗa har ƙafarsa ta yi tsami, sannan wata murya mai zaƙi ta ɗauka.

"Barka da rana, Yallaɓai, muna alfahari da kai. Da me za mu taimaka maka?"

Ya zayyana mata komai, mota da turke da testa.

"Mun ji ƙorafinka, Yallaɓai. Fitila nawa ke ci a jikin akwatinka?"

"Babu ko ɗaya. Ya ƙone."

"To ka kashe shi, ka jira, ka sake kunnawa."

"Baiwar Allah, na ce miki ya ƙone. Gawa ake kashewa?"

"Ka duba ko ka jona shi da wuta, Yallaɓai."

"Wuta ce ta yi masa yawa! Ni injiniya ne, kwamfuta nake haɗawa. Ki turo mai tsani kawai ya raba wayoyin nan."

"Madalla, Yallaɓai. Tunda ka san kwamfuta abin zai zo da sauƙi. Mataki na huɗu: ka zare wayar daga akwati, ka soka ta kai tsaye a bayan kwamfutarka, mu gani daga nan."

"Wayar da na ce miki akwai wuta a jikinta?"

"Wayarmu ba ta ɗaukar wuta, Yallaɓai."

"Ta ɗauka. Ta cije ni."

"Ba a rubuce yake ba a nan. Idan ba a yi mataki na huɗu ba, gurbin tura ma'aikaci ba zai buɗe mini ba."

Ya kashe waya. Kafin ya kai kujera saƙo ya shigo: an magance matsalarka, mun gode da ka zaɓe mu.

Tela ya leƙo da allura a baki. "Injiniya, sun ce me?"

"Sun ce an gyara."

"To barka."

Washegari namiji ne ya ɗauka, ya karanta masa abu ɗaya kalma da kalma, har inda ake jan numfashi. Mai Haɗi ya ce bari ya yi dabara. Da aka zo mataki na huɗu ya yi shiru kaɗan, ya ɗan buga ƙofa, ya ce, "Na soka."

"Yallaɓai, muna gani daga nan. Babu abin da ke jone."

"Ashe kuna gani! To ku dubi turken mana."

"Turke ba sashenmu ba ne."

Rana ta uku ya tafi ofishinsu da ƙafarsa, da ƙonannen akwatin a leda. Ofis mai sanyi, kujeru ja, yarinya ɗaya a bayan gilashi tana gyara farce. Ta ce su nan sayarwa suke yi, masu gyara ta waya ake samunsu. Ya ce ina suke zaune, ya je. Ta ce ita ma ba ta taɓa ganinsu ba. Ta nuna masa wata waya a bango, ya ɗauka, sai ga kiɗan nan dai. Ya biya ta wurin masu wutar lantarki, suka ce tasu wayar lafiyarta ƙalau, mai wayar da ta hau kan tasu shi zai zo ya sauke abarsa. Ya nemi mai tsani a unguwa, mutumin ya ɗaga kai ya dubi turken da ya sunkuya ya ce yana da 'ya'ya.

Ya gwada jawo manhajar ta wayar hannunsa. Ya ɗaure wayar a jikin ƙofa da zaren Tela, ta wuni tana ja, da yamma ta kawo kashi uku cikin ɗari, ta katse, ta koma farko.

Matarsa ta ce, "Baban yara, ka ɗauke ta ka kai ofishin Yaya mana. Intanet ɗinsu kamar famfo. Awa biyu ka gama."

"In kai masa aiki rabi? A gaban yaransa? In zauna a ƙasa ina jira, yana ce musu ga Mai Rediyo ya zo aron wuta?"

"To ka kai shagon abokin aikinka na bakin kasuwa."

"Wannan? Ya ga kayan nan, gobe da safe yana ofishin Yaya yana cewa na ɗaura fanka a juye."

"To ka zauna da girmanka. Ka ga dai girma ba ya biya wa yara makaranta."

Can ya ce, da murya mai laushi irin wadda bai yi mata ba tun suna sababbi, "Maman yara, 'yar kwamfutar nan da makarantarku ta ba ki, ki ara mini ita gobe. Minti biyu kawai."

"Ka yi me da ita?"

"Mataki na huɗu."

Ta ajiye ludayi ta juyo gaba ɗaya. "Wayar da ka ce tana cizo? Wato tawa ce marar gata. Ta Yaya 'yar sarauta, tawa 'yar bayi. Ina taka?"

Tasa kuwa tana nan ƙarƙashin tebur, ciki a buɗe kamar akuyar da aka feɗe. Tun bara yake zarar kayanta yana sa wa mutane, yau memori, gobe fanka, har ta zama akwati da ƙura. Sauran da ke jibge a shagon duk matattu ne da masu su suka gudu suka bari. Mutumin da ya haɗa wa rabin gari kwamfuta, a ɗakinsa guda ɗaya ce tak mai numfashi, kuma ba tasa ba ce.

Aka wayi gari Alhamis. Tun da hantsi aka ɗauke wuta a layin gaba ɗaya. Firizan maƙwabci suka yi shiru, Tela ya koma keken ƙafa yana tsaki. Mai Haɗi yana da baturansa, kwamfutar Yaya tana ta juya fankokinta ba abin da ya dame ta. Yana zaune yana kallon wayar nan da ke reto a bango, sai wani tunani ya zo masa, irin tunanin da ke zuwa wa mai wayo idan kwanansa ya ƙare. Ya ɗora testa. Ba ta kama ba. Ya taɓa da bayan yatsa. Sanyi ƙalau. Ya lasa yatsa ya sake taɓawa. Babu komai.

To ai shi ke nan. Babu wuta a turke, babu wuta a waya. Ya soka, su gani, gurbinsu ya buɗe, ya zare. Idan mai tsani ya zo da azahar, kafin la'asar an ɗura, kafin Yaya ya iso an goge gilashi. Wutar layin nan kuwa idan ta tafi da hantsi ba ta dawowa sai rana ta faɗi. Kowa ya san wannan.

Ya fita bakin kwata ya kira. Ɗaya, uku, ɗaya, kiɗa. Mai murya mai zaƙi ce ta ranar farko, ko wata irinta, duk uwarsu ɗaya. Ya bi ta kamar ɗan makaranta. Fitila nawa? Babu. Ya kashe ya kunna? Ya kashe ya kunna. Ya jona da wuta? Ya jona.

"Mataki na huɗu, Yallaɓai."

"Riƙe, ina zuwa."

Ya shiga, ya buga ƙeya a rufi bai ma ji ba. Ya sake ɗora testa don zuciyarsa ta kwanta. Ya yi bisimilla ya soka wayar a bayan kwamfutar Yaya, ta yi ƙas. 'Yar fitila koriya ta ƙyafta. Ya fito da gudu.

"Na soka! Kin gani?"

"Na gani, Yallaɓai, sannu da ƙoƙari."

"To in zare?"

"A'a, kada ka zare. Zan yi gwaji daga nan. Idan ka zare kafin ya ƙare, sai mun koma mataki na ɗaya. Ka riƙe layi."

"Minti nawa?"

Kiɗa ya amsa masa.

Yana tsaye, ƙafa ɗaya a kan kwata ɗaya a kan dakali, ido a kan turke. Idan ya shiga ciki kira ya yanke. Idan kira ya yanke, wata muryar, wani mataki na ɗaya. Taku uku ne tsakaninsa da wayar nan. Ya ƙirga su da ido ya fi sau goma. Minti biyu suka wuce. Biyar. Ya ce a ransa idan kiɗan ya zagayo sau ɗaya zai shiga ya zare, kome za a yi a yi. Kiɗan ya zagayo. Ya ce to sau ɗaya kuma.

Sai firizan maƙwabci suka yi gurnani.

Yara a can ƙasan layi suka sa ihu an kawo wuta. Tela ya ce alhamdu lillahi. Mai Haɗi ya yar da wayar hannunsa ya yi tsalle, amma taku uku taku uku ne. Abin bai ma yi wata ƙara ta a zo a gani ba. Ɗas, kamar an kashe ƙwarƙwata. Fankoki shida suka rage gudu tare, suka tsaya tare. Wani siririn hayaƙi ya taso a bayan gilashi yana zagaya katin hoton a hankali.

Ya fizge wayar, ta cije shi, bai saki da wuri ba. Ya danna maɓalli. Ya sake dannawa. Ya buɗe gefe, wari ya bugi hancinsa, warin da ya fi kowa sani a duniya. Babban allon da komai ke dashe a kansa ya yi baƙi daga bakin ramin wayar har gindin katin.

Tela ne ya tsamo masa wayarsa daga bakin kwata ya goge da ƙyalle. "Injiniya, matar nan tana ta sallama."

Ya fito bakin ƙofa ya karɓa.

"Yallaɓai, mun gode da haƙurinka. Gwajin ya nuna kwamfutarka ta daina amsawa. Tana kunne?"

"Ta mutu."

"Ka kashe ta ka sake kunnawa."

"Ta ƙone. Wayarku ta ƙone ta. Kin ce kada in zare."

"Ayya. To ka ga matsalar daga kwamfutarka take, ba daga layinmu ba. Muna ba ka shawara ka kai ta wurin ƙwararren mai gyara. Akwai wani abin da za mu taimaka maka da shi?"

Ya zauna a kan dakali. Ta jira shi daidai yadda aka koya mata, sannan ta yi masa fatan wuni lafiya.

Yaya ya iso bayan la'asar, da ƙanwarsa a gidan baya, ta sha kwalliya, don ta ce tana so ta ga fuskar wanta lokacin da zai ga aikin mijinta. Yau kam Yaya ya shigo da ƙafarsa. Ya shaƙi iska sau biyu. Ya dubi akwatin kwamfutar, ya dubi allon da Mai Haɗi ya ciro ya kwantar a kan farin ƙyalle.

Bai yi faɗa ba. Da ya yi faɗa da an samu sauƙi. Ya ja kujera ya zauna ya ce a ba shi labari tun daga farko, kada a tsallake komai. Mai Haɗi ya bayar, yana tsaye, kai a karkace saboda rufi.

"Tsaya," in ji Yaya. "Ka san akwai wuta a wayar?"

"Na sani, Yaya, amma a lokacin..."

"Kai ka gaya musu ma."

"Ni na gaya musu."

"Sau nawa?"

"Kullum."

"Sannan ka soka."

Ya fita bakin ƙofa ya kira wata lamba, ba ɗaya ba uku, ba kiɗa. Ya yi dariya da wani, ya tambayi iyali, ya ce af, akwai wata 'yar waya a benena. Ba a yi rabin awa ba sai ga farar mota da tsani a kanta. Mai tsani ya hau, ya sa sanda ya ɗage wayar, ya naɗe ta da baƙin salatif, ya sauko yana kaɗe hannu. Ya leƙa shagon don ya canja akwati, idonsa ya faɗa kan allon.

"Kai! Wane marar hankalin ne ya soka kwamfuta a wayar nan? Ai ko makaho ya shafa ya san da wuta."

"Mijin ƙanwata ne," in ji Yaya. "Injiniya ne. Kada ka ce masa mai gyara, ba ya so."

Mai tsani ya dubi Mai Haɗi sama da ƙasa. "Ai da ka kira mu, Malam."

Tela ya shige shagonsa da sauri, amma ana jin dariyarsa ta bango.

Mai Haɗi ya fara cewa katin wataƙila bai mutu duka ba, idan aka ba shi mako biyu, idan aka samo wani allon. Yaya ya ɗaga hannu, ya sa direba ya kwashe komai, har kwalayen da farin ƙyallen. Sannan ya miƙa tafin hannu.

Mai Haɗi ya shiga laluben aljihu. Na dama, na hagu, na riga. Ya san sarai inda makullin yake, yana rataye a ƙusa bayan ƙofa, amma ya ci gaba da lalube ko Allah zai sa wani ya ce a bari sai gobe. Ya dubi matarsa. Ita ce ta yi shekara shida tana tare masa, kalma ɗaya daga bakinta ta isa a ƙara masa wata guda.

Ta miƙa hannu bayan ƙofa, ba ta ko duba ba, ta zaro makullin ta sa a hannun wanta.

"Yaya, ka sauke ni a gida," ta ce. "Shi zai taho da ƙafa, yana da tarkacen da zai kwashe."

Sabon akwatin da mai tsani ya manna a bango ya kunna fitilunsa huɗu, kore shar. Mai Haɗi ya durƙusa ya fara jawo matattun kwamfutoci daga ƙarƙashin tebur yana fitar da su bakin titi, ɗaya bayan ɗaya, Tela yana ce masa ya matsar da su gaba kaɗan, suna tare masa ƙofa.